"Kai Mene Ne?" Tambayoyi da Amsoshi Kan Fasahar 'Yan Ruwa Biyu Masu Jinin Asiya

Akwai tambayar da ɗan ruwa biyu mai jinin Asiya yake fara sha tun bai yi wayo ba. Yana shan ta a aji, a layin banki, a gidan biki, daga bakin mutanen da ko gaisawa ba su yi da shi ba: "Kai mene ne?" Mu a wajenmu in za a binciki mutum, cewa ake "ɗan gidan wa ne?", a nemo uba da kaka. Waccan tambayar kuwa jinsi take nema, kamar an tsinci wani abu a hanya ana jujjuya shi. Daga wajajen 1990 zuwa yau, masu zane, masu ɗaukar hoto da 'yan wasan dandamali da dama a Amurka, Japan, Ostareliya da tsibiran Karibiyan sun mai da wannan tambaya jarin aikinsu. Ga abubuwan da aka fi tambaya game da su.

Su wane ne ake nufi, kuma da wane suna ake kiransu?

Mutanen da ɗaya daga cikin iyayensu ko kakanninsu ya fito daga ƙasashe irin su Sin, Japan, Koriya, Biyetnam, Filifin ko Indiya, ɗayan kuma Bature ne, ko baƙar fata, ko ɗan Meziko, ko ɗan ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka. Sunayen da ake kiransu da su suna da yawa, kuma akasari wasu ne suka laƙaba musu. A Hawai ana cewa *hapa*, a Japan *hafu*, dukansu daga kalmar Ingilishi mai nufin rabi. A Biyetnam an riƙa kiran 'ya'yan da sojojin Amurka suka bari *bui doi*, wato ƙurar duniya. Na zaɓi "ruwa biyu" don ita ce kalmarmu da ba ta da dafi; ɗayar da ake jefa wa mutane a bayan idonsu zagi ce, ba ta da wuri a nan.

Abin da ya fi ci mini rai a sunayen nan shi ne lissafin da ke cikinsu: rabi, rubu'i, sumuni, sai ka ce ana rabon gado a gaban alƙali. Lissafin kuwa ya taɓa zama hukunci. A 1942, da gwamnatin Amurka ta kwashe kimanin mutum 120,000 masu jinin Japan ta tsare a sansanoni, ba ta tsame 'yan ruwa biyu ba. Har gidajen marayu aka bi aka ɗebo yara, aka kai su sansanin Manzanar a Kalifoniya.

Me ya kawo zane da wasan dandamali cikin maganar? Ai rubutu ya isa.

Rubutu yana nan da yawa, amma ciwon daga ido yake farawa. Kafin mutum ya buɗe baki an gama ƙare masa kallo, an auna ido, an auna hanci, an duba gashi, ana neman sahun da za a tsayar da shi. Wanda aka yi wa hukunci da ido, a gaban ido yake son ya kare kansa. Shi ya sa hoton fuska ya yi yawa a wannan fanni, shi ya sa kuma da yawansu suke hawa dandamali su kaɗai, ba su da kayan aiki sai jiki da murya.

Wani lokacin ma babu dandamalin. Richard Lou, wanda mahaifinsa Basine ne mahaifiyarsa 'yar Meziko, ya taso a San Diego, bakin iyaka. A 1988 ya kafa ƙofa guda a tsaye a kan layin iyakar Meziko da Amurka kusa da Tijuana, a fili fetal, babu bango ta ko'ina. Ta ɓangaren Meziko kawai ake buɗe ta. Ya rataya mukullai a jikinta, ya bi unguwannin Tijuana yana raba wasu ga jama'a. Jami'an tsaron iyaka sun kawar da ita cikin 'yan kwanaki, sai hotuna suka rage. Sai wanda iyaka ta ratsa tsakar gidansu ne irin wannan tunani zai faɗo masa.

Wane aiki ya kamata wanda bai san komai a kai ba ya fara dubawa?

Na Kip Fulbeck, malamin fasaha a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara. An haife shi a 1965. Mahaifiyarsa Basiniya ce, mahaifinsa Ba'amurke farar fata. Ya sha faɗin cewa yana yaro, duk fom ɗin da aka ba shi sai an ce ya zaɓi jinsi ɗaya tak, shi kuwa a wurinsa daidai yake da a ce masa: uwarka ko ubanka?

A 2001 ya fara aikin da ya kira The Hapa Project. Ya zagaya Amurka ya ɗauki hoton mutum sama da 1,200, yara da manya da tsofaffi, duk a kan tsari guda: daga kafaɗa zuwa sama, ba riga a gani, ba tabarau, ba 'yan kunne, ba kwalliya, ba a yi wa kyamara wani yanga, bango fari fat. Wanda ya taɓa ganin hotunan da Turawan mulkin mallaka suka riƙa ɗaukar "ƙabilu" da su, a tsai da mutum ƙiƙam a rubuta sunan jinsinsa a ƙasa, zai gane inda aka dosa. Fulbeck ya ari wannan tsari da gangan, sannan ya sauya abu ɗaya. Ya miƙa wa mai hoton takarda da alƙalami, ya ce ya amsa "kai mene ne?" da rubutun hannunsa.

Wasu sun jera ƙasashen kakanninsu. Wasu sana'arsu kawai suka rubuta. Wasu sun huce haushinsu a kan takardar, wasu sun yi raha, ƙananan yaran da ba su iya rubutu ba suka yi zane. A ganina rubutun hannun nan shi ne ran aikin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An buga littafin hotunan a 2006, aka baje su a gidan tarihin Japanawan Amurka da ke Los Angeles a shekarar. A 2018 gidan ya sake baje kolin, bayan an nemo wasu daga cikin mutanen an sake ɗaukarsu, aka jera tsohon hoto da tsohuwar amsa kusa da sababbi. Fuskoki sun manyanta, amsoshi da yawa su ma sun sauya.

Har yanzu ana tilasta wa mutum zaɓar jinsi ɗaya a Amurka?

A ƙidayar jama'a dai an daina. A ta 2000 aka fara barin mutum ya zaɓi fiye da ɗaya, kimanin mutum miliyan 6.8 suka yi hakan. A 2010 sun kai miliyan 9, a 2020 kuma miliyan 33.8, ko da yake sauyin da aka yi wa tambayar da hanyar lissafa amsoshi ya taimaka wajen wannan tsalle.

An ce akwai rigima a kan kalmar hapa. Mece ce?

Kalmar ta harshen Hawai ce. 'Yan asalin tsibiran suna cewa *hapa haole* ga wanda ya haɗa jinin Hawai da na Bature. Ɗalibai masu jinin Japan a Kalifoniya suka ɗauke ta, har suka kafa ƙungiya da sunanta a Berkeley a 1992, domin a lokacin ko a cikin Japanawan Amurka ana auna musu jini kafin a bar su shiga wasu gasanni. Ga mutanen da ba su taɓa samun suna mai daɗin ji ba, kalmar ta zo musu kamar ruwa ga mai ƙishi.

Sai wasu 'yan asalin Hawai suka ce a dakata. An kifar da masarautarsu a 1893, Amurka ta haɗiye ƙasar a 1898, an kori harshensu daga makarantu, kuma dokar filaye ta 1921 tana neman sai mai nema ya tabbatar rabin jininsa na Hawai ne kafin a ba shi fili. A wurinsu maganar rabi magana ce ta ƙasa da gado. Yanzu kuma kalmar ma za a ɗauke? Wei Ming Dariotis, malama mai jinin Sin da Girka wadda ta daɗe tana ƙaunar kalmar, ta rubuta cewa ta daina kiran kanta da ita. Wasu suna amfani da ita har gobe. Ni dai ina ganin ta yi abin da ya dace. Wanda ya san zafin a raɗa masa suna ba da yardarsa ba, bai kamata ya shiga gidan wani ya ɗauko nasa ba sallama ba.

Me ya sa maganar yaƙi take yawan fitowa a ayyukansu?

Saboda da yawa daga cikin hanyoyin da iyayen suka haɗu, soja ne ya share su. Amurka ta karɓe Filifin a 1898, ta mamaye Japan daga 1945 zuwa 1952, ta riƙe tsibirin Okinawa na Japan har 1972, ta yi yaƙi a Koriya da Biyetnam. Dubban mata sun bi mazajensu sojoji zuwa Amurka. Dubban yara kuma an tafi an bar su, ba uba, uwa tana shan gori. A 1948 wata Bajapaniya, Miki Sawada, ta buɗe gidan marayu a garin Oiso musamman don irin waɗannan yara. Dokar Amurka ta 1982 ta buɗe wa 'ya'yan sojoji daga Koriya, Biyetnam, Laos, Kambodiya da Tailan ƙofa, amma ta tsallake na Filifin da Japan. Ta 1987 ta kawo 'yan ruwa biyu sama da 20,000 daga Biyetnam tare da danginsu, kuma tunda yawancinsu ba su da takarda, fuskar ce shaida. Yaran da jiya ake kira ƙura sai ga masu kuɗi suna neman su don a shiga jirgi da su a matsayin dangi. Fuska guda ce ta jawo musu tsangwama, ita ce kuma ta mai da su haja.

A 2013 Dariotis da mai zane Laura Kina suka haɗa baje kolin masu fasaha 19 a gidan zane na Jami'ar DePaul a Chicago, daga baya aka kai shi gidan tarihi na Wing Luke a Seattle. Suka sa masa suna War Baby / Love Child, wato ɗan yaƙi da ɗan soyayya, don su ne zato biyun da ake yi wa ɗan ruwa biyu da an gan shi: ko uban soja ne, ko kuwa haihuwar zamanin sakin fuska ce ta bayan 1967, shekarar da aka halatta aure tsakanin jinsuna a duk Amurka.

Aikin Kina kanta ya cancanci a tsaya a kansa. Dangin mahaifinta 'yan Okinawa ne da suka yi ƙwadago a gonakin rake na Hawai. A jerin zanenta kan rake ta yi amfani da shuɗi mai duhu, irin wanda duk wanda ya taɓa leƙa karofin Ƙofar Mata zai gane, ta zana mata masu aikin gona, fuskokinsu a lulluɓe saboda rana da ƙaiƙayi, tare da *hajichi*, zanen hannu na matan Okinawa da gwamnatin Japan ta haramta a 1899. A wani jerin na 2006 ta zana 'yan ruwa biyu da gawayi, kowanne girman mutum, ta sa masa sunan Richard da Mildred Loving, ma'auratan da shari'arsu ta sa Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokokin hana aure tsakanin jinsuna a ranar 12 ga Yuni, 1967. Jihohi 16 ne suke da irin dokar a ranar.

A dandamali fa, wane wasa ne ya yi fice?

Biyu zan ambata, duka na mata, duka daga labarin gida. Velina Hasu Houston, 'yar Bajapaniya da sojan Amurka mai jinin baƙar fata da ƙabilar Blackfoot ta 'yan asalin Amurka, ta taso a Junction City da ke jihar Kansas, kusa da barikin Fort Riley. Wasanta mai suna Tea, wato shayi, an fara nuna shi a New York a 1987. Mata biyar ne Japanawa, matan sojoji. Ɗaya ta kashe kanta, huɗun suka taru a gidanta don su kintsa kayanta su sha shayi, kurwarta tana zagaya su. Abin da ya fi taɓa ni shi ne su 'yan wasan nan biyar su ne suke rikiɗa su zama mazajen, su sake rikiɗa su zama 'ya'yan. Kana kallon uwa, sai ka ji muryar 'yarta tana fitowa daga bakinta tana ƙorafin turancin uwar. Houston ba ta ɓoye cewa ko a tsakanin matan akwai fifiko ba: wadda ta auri Ba'amurke mai jinin Japan tana ɗaga wa wadda ta auri baƙar fata hanci.

Brenda Wong Aoki, mai jinin Japan, Sin, Sifen da Sikotilan, ta koyi salon wasan gargajiyar Japan na Noh da Kyogen, tana hawa dandamali ita kaɗai da makaɗa a gefe. Ta tono wani abin da danginta suka binne don kunya. A 1909 ɗan'uwan kakanta, Gunjiro Aoki, ya nemi auren Helen Emery, 'yar wani babban limamin coci a San Francisco. Jaridu suka yi ca, 'yan zanga-zanga suka taso su, dokar Kalifoniya kuma ta hana, sai Seattle suka je aka ɗaura. Helen ta rasa zamanta na 'yar ƙasa saboda auren, kamar yadda dokar 1907 ta tanada. Aoki ta mai da abin da gidansu yake sunkuyar da kai a kansa ya zama abin da take tsayawa gaban ɗaruruwan mutane ta faɗa da ƙarfi.

Gaskiya ne an taɓa fakewa da "ruwa biyu" don a hana 'yan Asiya aiki?

Gaskiya ne. A wasan waƙe na Miss Saigon, da aka buɗe a Landan a 1989, Jonathan Pryce, Bature ɗan Wales, ya fito a matsayin wani kawali ɗan Bafaranshe da 'yar Biyetnam, an manna masa roba a fatar ido an shafa masa launi. Da za a kai wasan New York a 1990, ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka ta ƙi yarda, marubuci David Henry Hwang yana cikin masu ƙorafi. Hujjar masu wasan ita ce ai mutumin rabinsa Bature ne. Mai shirya wasan ya ce ya fasa gaba ɗaya, ƙungiyar ta janye, aka buɗe a 1991 da Pryce. Hujjar ba ta taɓa aiki ta ɗaya ɓangaren ba. Ba a ce tunda rabinsa Bature ne, ɗan ruwa biyu ya zo ya fito a matsayin Bature.

Duka Bature da 'yar Asiya ne? Ina masu jinin Afirka?

Suna nan, kuma tarihinsu ya girmi na sojojin Amurka. Tsakanin 1847 da 1874 an kai Sinawa kimanin 125,000 Kyuba ƙwadagon ƙangi a gonakin rake, kafaɗa da kafaɗa da bayi 'yan Afirka. Wifredo Lam, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1982, ɗan Basine ne daga Kanton da uwa mai jinin Kongo da Sifen. Matar da ta yi masa uwar goyo a addini malama ce a Santeriya, addinin da tushensa yake ƙasar Yarabawa. Ya yi karatu a Madrid, ya haɗu da Picasso a Paris a 1938, ya koma gida a 1941. Babban zanensa na 1943, La Jungla, yana gidan zanen zamani na New York. Sunansa kurmi, amma in ka matsa kusa karan rake ne, da siffofi masu fuskar dodo a cushe a tsakani, ba ka iya raba ƙafar mutum da kara.

Albert Chong, haifaffen Kingston a Jamaika a 1958, mai jinin Afirka da Sin, yana ɗauko tsofaffin hotunan danginsa ya kewaye su da furanni, ƙasusuwa, gashin tsuntsu da bawon kifin teku, ya sake ɗaukarsu, wani lokacin ya sassaƙa labarin mai hoton a kan tagullar da ta zagaye shi. Mequitta Ahuja, 'yar Ba'indiye da Ba'amurkiya baƙar fata, tana fara tsayawa gaban kyamara ta yi motsin da take so, sannan ta zana kanta a manyan alluna, gashinta yana kwarara ya zama daji da koguna. Saya Woolfalk, wadda aka haifa a Gifu ta Japan a 1979, ta ƙirƙiro wata al'umma ta mata da suka gauraya da tsirrai, ta yi musu tufafi, raye-raye da gidan tarihi na ƙarya, tana kwaikwayon yadda masana suke baje "ƙabilu".

Wannan sabon abu ne?

Baje shi a fili da sunansa ne sabo. Isamu Noguchi, masassaƙin da aka haifa a Los Angeles a 1904, ɗan mawaƙin Japan Yone Noguchi da Ba'amurkiya Léonie Gilmour, ya ɗanɗana ta kowane gefe. A 1942 ya shiga sansanin tsare Japanawa na Poston a Arizona da ƙafarsa, da niyyar ya koyar da sana'a ya gyara wurin. 'Yan sansanin suka riƙa yi masa kallon ɗan leƙen asirin hukuma, hukuma kuma ta yi watanni kafin ta bar shi ya fita. Bayan shekara goma ya tsara abin tunawa da waɗanda bom ya kashe a Hiroshima, aka ƙi karɓa, kuma abin da ya bazu shi ne don shi Ba'amurke ne. Amma shingayen gefen gadoji biyun da suke kaiwa dandalin zaman lafiya na birnin nasa ne, suna nan har yau.

A Japan kanta yaya abin yake yanzu?

Kusan jariri ɗaya cikin 50 da ake haifa a Japan yana da uwa ko uba baƙo. Sai a 1985 doka ta fara barin Bajapaniya ta ba ɗanta zama ɗan ƙasa ta hanyarta. Kafin nan sai ta uba. Da Ariana Miyamoto, 'yar Bajapaniya da baƙar fatar Amurka, ta ci gasar sarauniyar kyau ta ƙasa a 2015, wasu sun ce ba ta yi kama da Japan ba. Ita kuwa ta ce ta shiga gasar ne bayan wani abokinta ɗan ruwa biyu ya kashe kansa. A 2019 kamfanin taliya na Nissin ya nemi gafara bayan tallarsa ta zana 'yar wasan tanis Naomi Osaka, wadda mahaifinta baƙar fata ne, da farar fata. Denny Tamaki, wanda ya zama gwamnan Okinawa a 2018, ɗan sojan Amurka ne da bai taɓa gani ba.

A ɓangaren hoto, Tetsuro Miyazaki, ɗan Bajapane da 'yar Beljiyam, ya juya tsarin Fulbeck. Yana ɗaukar hoton ɗan ruwa biyu, sannan ya ce masa ya kawo tambayar da shi yake son yi wa wasu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa ana yi masa tambaya, yau shi ne mai yin ta.

Akwai Musulmi a cikinsu?

Akwai. Abdul Abdullah, haifaffen Perth a Ostareliya a 1986, mahaifiyarsa Bamalayiya ce, mahaifinsa Bature ɗan ƙasar da ya musulunta. Yana ɗan shekara 15 aka kai harin 11 ga Satumba, kuma daga ranar tambayar da ake yi masa ta tashi daga jinsi ta koma addini. A hotunansa yakan sa fuskar biri ta roba, ko ya ɗauki ango da amarya cikin adon biki na Malesiya amma fuskokinsu a rufe da hular 'yan fashi, yana nuna wa mai kallo dodon da shi mai kallon ya zo da shi a ransa. A 2019 an cire ayyukansa biyu masu siffar sojoji daga wani baje koli a garin Mackay bayan wani ɗan majalisa ya yi ƙorafi. Yayansa, Abdul-Rahman Abdullah, masassaƙin itace ne, yana yawan komawa ga tunanin yarintarsa a gidan Musulmi.

Ba a sukar waɗannan ayyuka?

Ana yi, kuma wasu sukar suna da ƙarfi. Babba ita ce jera kyawawan fuskoki yana iya zama talla, ya ƙarfafa tatsuniyar cewa in aka ci gaba da auratayya wariya za ta mutu da kanta. A 1993 mujallar Time ta buga fuskar wata mace da kwamfuta ta haɗa daga jinsuna daban-daban, ta kira ta sabuwar fuskar Amurka. Fuska ce mai haske, mai santsi, ba ta da uwa ba ta da tarihi. Ƙasashen da aka fi gauraya a duniya, irin su Brazil da Kyuba, ba su rabu da fifita farar fata ba. Woolfalk ta harbo wannan jirgin: a ci gaban labarinta, matan nan masu jinin tsirrai sun buɗe kamfani suna sayar wa jama'a gaurayen asali kamar man shafawa.

Ta biyu ita ce 'ya'yan Bature da 'yar Asiya sun fi samun fili, har ana yi musu kirarin kyau, alhali mai jinin baƙar fata yana shan wariya daga dangin uwarsa ma. Ayyukan da na fi girmamawa su ne waɗanda suka ƙi tsayawa a kan fuska, suka bi ta har gonar rake, bariki da kotu.

Ban da kallo, ya taɓa amfanar wani a zahiri?

Ya taɓa. Mai cutar sankarar jini da yake buƙatar dashen ɓargo sai an samo masa wanda ƙwayoyin halittarsu suka dace, kuma wannan yana bin asali. Ɗan ruwa biyu yakan sha wuya kafin ya samu, don irinsa ba su da yawa a rajistar masu bayarwa. Jeff Chiba Stearns, ɗan Kanada mai jinin Japan da Turai wanda ya fara da zanen katun kan asalinsa, ya yi fim a kan haka a 2016, an kuma riƙa rajistar masu bayarwa a wuraren nuna shi.

Mu a Afirka ta Yamma, ina ruwanmu?

Ruwanmu ya fi yadda muke zato. 'Yan kasuwarmu da suke zuwa Guangzhou sun san unguwar Xiaobei, sun kuma ga yaran da aka haifa tsakanin 'yan Afirka da Sinawa. Sin ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu, kuma zaman uban yakan rataya ne a kan biza. A Koriya, Han Hyun-min, ɗan wani ɗan Najeriya da Bakoriya, ya zama fitaccen mai tallar tufafi tun yana ɗan makaranta. A Japan, ɗan tseren nan Abdul Hakim Sani Brown mahaifinsa ɗan Ghana ne.

Akwai kuma tsohon labari. A yaƙin Indocina na 1946 zuwa 1954, Faransa ta kwashi dubban sojoji daga ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Oumarou Ganda, mai shirya fim ɗan Yamai, yana cikinsu, kuma fim ɗinsa Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo daga can. Wasu sojojin sun dawo da mata 'yan Biyetnam. Wasu sun dawo da jarirai kawai, aka bar uwayen a can. A 2019 Tuan Andrew Nguyen, haifaffen Saigon, ya yi aiki da zuriyar waɗannan gidaje a Dakar, aka fara nuna shi a babban baje kolin Sharjah. Allo huɗu ne suka kewaye mai kallo. Ya sa 'ya'yan da jikokin sun rubuta hirar da suka so a ce sun yi da iyayensu, ko wadda suke zaton iyayen sun yi a daren rabuwa. A allo ɗaya kana ganin wanda ya rubuta yana karantawa gaban makirfon, a wani allon kuma 'yan wasa suna motsa leɓe da muryarsa, cikin Faransanci, Wolof da harshen Biyetnam.